Tokar Miyar Inna

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Larabar Toka ta shekarar farin nan ba. Mu 'yan Katolika ba mu da yawa a ƙauyenmu na bayan Bagwai. Baba Bitrus, katekis ɗinmu mai koyar da addini, ni ya damƙa wa ganyen dabinon da aka sa wa albarka bara, ya ce in adana, in ƙona, a sami tokar da za a shafa mana a goshi ranar fara azumi. (Lokacin 'yarsa Saratu nake nema, ko kunama ya ba ni ajiya da hannu biyu zan karɓa.)

To, shekarar ko ciyawa babu. Akuyarmu ta faɗa ɗakina ta cinye ganyen nan tas. Akuya fa! Ganye mai albarka!

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ce ai toka toka ce. Na lallaɓa madafa na ɗebo ta Inna, ta karan gero, wadda take tacewa ta zuba a miya tunda kanwa ta yi tsada. Wa ya gaya min in ta ji ruwa cin fata take yi?

Fada, limamin cocinmu, ya iso a kan babur, ya yayyafa wa tokar ruwa mai tsarki, ya dama, ya bi mu yana zana gicciye. Baba Bitrus mai sanƙo ne, shi ya sami mafi girma.

Ba a gama addu'a ba na ji goshina kamar an goga barkono. Yara suka ɓarke da kuka. Wata tsohuwa tana share hawaye ta ce, "Kai, tuban bana da zafi yake!" Inna ta dangwali tata ta lasa, ta juyo ta kafe ni da ido.

"Ɗan nan! Tokar miyata ce wannan!"

A tsakiyar coci, jama'a, gaban Fada, gaban Saratu. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Tabon ya ƙi tafiya. Ranar kasuwa maƙwabcinmu Malam Sani ya tare Baba Bitrus yana dariya: "Ashe ku ma kun fara tabon salla?"

Zancen aure kuwa, sai da na sha jira har wata kaka. An dai ba ni Saratu, amma har yau in na durƙusa gaida surukina, sai ya cire hula ya sunkuyo min da kai in ga tabon kafin ya amsa. Shi ya sa yanzu in akuya ta yi laifi, tun da wuri nake faɗin sunanta.