Ranar da Motar Kawu Ta Yi Shiru

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai Nafisa ɗakin mijinta a Shinkafi ba, ko na so in manta ma mutanen garinmu Ƙaura ba za su bar ni ba. Har yanzu in babur ya wuce ta bayan katangarmu sai in zabura in waiwaya. Amma tsoro daban, haushi daban, kuma yau haushin nake son in sauke.

Ga yadda abin ya faro. Na gama sakandare, na samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya a Gusau. Kowa a gida ya yi murna ban da Baba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wadda ƙadangare ke korowa daga bayan gida ita za ta tsaya kan mara lahiya?" (Sau ɗaya aka yi wannan, kuma ƙadangaren ba ƙarami ba ne.) Inna ta yi ta lallashi har ya ce to, ga bikin Nafisa ɗiyar ƙanwar Inna ya zo, in bi 'yan kai amarya. Kowa ya san halin da hanyar Shinkafi ke ciki da 'yan bindiga, shi ya sa yanzu da rana tsaka ake kai amare. In na je na dawo da hankalina a jikina, Kawu Bello da zai kai mu ya shaida, Gusau ta tabbata. In kuwa na yi abin da na saba, in zauna gida in koyi ɗinki.

Kafin in kai ku kan hanya sai kun san irin motar da na tashi a cikinta. Baba yana da wata tsohuwar a-kori-kura 'yar Japan da yake zuwa gonarsa ta wajen Zurmi da ita. Ta girme ni. Muna ce mata Mai Tari. Tun tana kwanar kasuwar hatsi Inna ke jin ta, ta ɗora ruwan alwala. Ta ɗauki buhunan gero, ta ɗauki taki, ta ɗauki mata masu naƙuda, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Dokarta ɗaya ce: muddin tana ruri da girgiza, lafiya lau take. Da ta yi shiru, kowa ya sauka ya tura. Da wannan ilimin na girma. Mota mai rai tana ƙara. Mota mai shiru ta mutu.

Shi kuwa Kawu Bello, yayan Inna, tsohon jami'in ilimi ne da ya yi ritaya ya sayi wata lafiyayyar mota fara, ita ma daga kamfanin da ya ƙera Mai Tari. (Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Kawu ya faɗe shi sau isasshe, ya ishe mu har jikoki.) Tun da ya saye ta ya zama malamin tarihin Japan. A wurin suna, a wurin gaisuwar mutuwa, a layin mai, duk inda ya samu kunne biyu sai ya fara. Dangin ango sun turo mota, ya ce atafau amarya a tasa za ta tafi. Aka ce to ya ba direba. Ya ce wannan sitiyarin ba a taɓa shi da hannun da bai san darajarsa ba.

Haka muka shiga: Kawu a sitiyari, Goggo Hassi wadda za ta miƙa amarya a gaba da carbinta, ni da Nafisa a baya, an lulluɓe ta ruf ba ta ganin ko tafin hannunta. Bayanmu bas cike da ƙawaye da tukwanen gara.

Ko fita daga gari ba mu yi ba ya fara.

"Kun san waɗanga mutane ba da mota sunka fara ba? Da injin saƙa sunka fara."

"Allah sarki," in ji Goggo.

"Tsohon nasu ya ƙera injin da in zare ɗaya ya tsinke, shi da kanshi zai tsaya. Ba sai mutum ya tsaya kanshi ba. Ɗanshi ya ce, to mi zai hana mu yi mota?"

"Allah shi yi mai albarka," in ji Goggo, tana gyara zama irin na mai shirin barci.

Na san daga nan zai bi ta kan yaƙin da ya mai da ƙasarsu toka, ya bi ta kan yadda manyan ƙasashe suka yi wa ƙananan motocinsu dariya kafin su dawo suna layin saye, ya shiga labarin igiyar da ko ƙaramin lebura zai iya ja ya tsayar da masana'anta gaba ɗaya in ya ga kuskure. Duk na taɓa ji. Ni kuwa ga tsoron hanya yana cina, idona na kan kowace bishiya, ga muryar Kawu kamar injin niƙa. Sai na yi abin da nake ganin dabara ce: na zura iyafis ɗin wayata a kunne ta ƙarƙashin gyale, na kunna karatu, na ƙure murya. Ina ganin bakinsa a madubi yana motsi, ina gyaɗa kai kamar ɗaliba ta gari. Na ga ya ɗaga waya ya yi magana, na gyaɗa wa wannan ma kai.

Daga baya na ji abin da ya wuce ni. Abu biyu ne kawai, kuma su ne kaɗai masu amfani a duk abin da Kawu ya faɗa tun da ya sayi motar nan. Na farko, motarsa da fetur da batir take aiki, in ta rage gudu injin yakan kashe kansa ta ci gaba da tafiya ba sauti. Na biyu, ango ne ya kira, ya ce shi da abokansa sun fito tarbarmu, suna jira a gaban Katuru kaɗan.

Mun wuce Katuru, ƙarshen damina, dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama. Muka iso wani wuri da ruwa ya cinye kwalta, Kawu ya taka birki. Sai na ji 'yar girgizar da nake ji a bayana ta ɗauke. Na fizge iyafis. Shiru. Irin shirun Mai Tari idan ta ce a sauka.

Na ɗaga kai. Babura a jere a bakin hanya, maza a tsaye, wasu sun naɗe fuska da rawani.

(Ina so in tsaya nan in yi tambaya, don har yau ba wanda ya ba ni amsa. Wane mai hankali ne zai tara babura a kan wannan hanyar, a wannan zamanin, ya naɗe fuska, ya ce wai tarba ya zo? Sun ce ƙura suke gudu. Wace ƙura, a damina?)

Na dubi Kawu, na ga haƙoransa a waje. Murmushi yake yi, amma ni a lokacin na ɗauka fuskarsa ce ta sandare. Na dubi Goggo, idonta a rufe, carbi a hannu, na ce shi ke nan, kalmar shahada take yi. Barci take yi.

Ban yi ihu ba, wannan a rubuta mini. Na kama wuyan hannun Nafisa na ce, "Mota ta mutu. Ga su nan. Tashi."

"Su wa?"

"Gudu, Nafisa."

Na buɗe ƙofa na ja ta, muka faɗa cikin dawa. Amarya da lulluɓi da takalmi mai tsini, tana tuntuɓe ina jan ta kamar akuyar da za a kai kasuwa. Matan bas da suka ga amarya ta shiga gona ba su tsaya tambaya ba. Na ji ƙarar tukwane, na ji salati, na ji dawar bawan Allah tana karyewa ta ko'ina. Su kuma masu babura, maimakon su tsaya inda suke, sai suka biyo mu da gudu suna cewa, "Ku tsaya, ku tsaya." Ku gaya mini, don Allah, wa zai tsaya?

Da ƙafafuna suka ƙi, na tura Nafisa cikin wani kwari mai laka a gefen burtali, na kwanta a kanta, na danne mata kai. Ina jin zuciyarta tana bugawa a ƙirjina. Wannan ɓangaren ba na dariya ba ne. Na tuna Inna, na tuna maƙwabcinmu da aka tare bara, na karanta duk abin da na haddace har da addu'ar shiga kasuwa.

Takun mutum ya matso, ya tsaya a kanmu. Na runtse ido na cire 'yan kunnena na miƙa sama, bakina ya buɗe da kansa.

"Don girman Allah ku yi haƙuri. Wallahi ba abin da za ku samu. Mijinta malamin firamare ne. Babur ɗin da yake hawa ma na yayanshi ne, aro yake yi. Agogon da ya sa ranar ɗaurin aure ma na aro ne."

Sai na ji wani ya fashe da dariya a baya, wani ya kama. Sai wata murya a hankali ta ce, "Nafisa?"

Na buɗe ido ɗaya. Malam Auwal ne, ango, da farar shadda da laka har gwiwa, abokansa sun yi masa da'ira. Hannunsa na hagu ya tafi bayansa a hankali, inda agogon yake.

Daga ƙarƙashina Nafisa ta ce, "Sirri fa na gaya miki."

Na so ƙasa ta tsage. Ina cikin neman inda zan sa fuskata sai na ji numfashin wani abu mai ɗumi a bayana. Na juya. Motar Kawu ce, a kan burtali, dab da mu. Motar da na bari matacciya a kan kwalta ta biyo mu har cikin gona, ko kaza ba ta tayar ba. A nan ne na yi ihun, kuma ba zan ɓoye ba, ya kai Katuru.

Gilashi ya sauka. Kawu ya dube ni, ya dubi iyafis ɗin da ke lilo a wuyana.

"Ɗiyata, tun yaushe abin ga ke kunnenki?"

"Tun wajen injin saƙa, Kawu."

Ya rufe ido kamar wanda aka yi wa rasuwa. Goggo ta farka ta leƙo ta ce, "Mun iso?"

Ba zan ja ku da yadda aka tattaro mata daga gonar mutane ba, da yadda mai gonar ya zo da fartanya yana tambayar wa zai tayar masa da dawa, da yadda aka shiga da amarya gidan surukai da takalmi ɗaya da ƙarangiya a lulluɓi. Uwar ango ta dube ta ta ce, "Daga Ƙaura kuke ko daga noma?" Ni dai a bayan ƙofa na ci abinci. Har an sa mini suna kafin la'asar: Mota-Ta-Mutu.

Labari ya riga mu isa gida. Washegari Baba ya kira ni zaure, Kawu yana zaune a gefensa, Inna tana bayan labule tana yin kamar shara. Na durƙusa, na riga na fara tunanin kalar keken ɗinkin da za a saya mini.

"Malam Bello, ta gudu?"

"Ta gudu, Malam. Ban taɓa ganin gudu irin nata ba."

Baba ya gyaɗa kai, irin na wanda magana ta zo yadda ya ce.

"Amma ba ita kaɗai ta gudu ba," in ji Kawu. "Ƙofarta na gefen daji, da ta so da ta tahi abinta. Ta tsaya ta jawo 'yar'uwarta. Da munka iske su, ita ce a sama, ta rufe ta da jikinta."

Tsintsiyar Inna ta tsaya.

Baba ya shafa gemu. Ya ce, "Bakinta fa?"

"Bakinta sai dai addu'a."

Baba ya yi tari, irin tarin da yake yi in ba ya son a ga yana dariya. Ya ce zan tafi Gusau, da sharaɗi biyu. In je in ba Malam Auwal haƙuri a gaban matarsa. Kuma Kawu ne zai kai ni, a motarsa, wayata tana aljihun Kawu.

"Madalla," in ji Kawu. "Sai mu ɗauko daga injin saƙa, tunda nan kika sauka."

Na ba da haƙurin. Malam Auwal ya ce ba komai, ya yafe duniya da lahira. Amma duk wanda zai zo Ƙaura daga Shinkafi sai ya ba shi saƙo: a gaida Mota-Ta-Mutu, a gaya mata hular yau ma ta aro ce.

Tafiyar Gusau saura 'yan kwanaki, kuma har yanzu ban daina firgita da ƙarar babur ba. Abin da na koya dai shi ne, in tsoho ya fara surutu, a bar kunne ɗaya a buɗe, don ba ya sanarwa kafin ya iso wurin da ke da amfani. Na biyu kuma, in za ka roƙi mutum ya bar ka da rai, ka buɗe ido tukuna ka ga ko mijin wa ne.