Yadda Za Ka Kwance Notin Taya A Gaban Surukinka

Ɗan'uwa, in dai ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari babu notin tayar da zai sake kunyata ka, komai tsatsarsa, komai taurin kansa. Hanya ce da aka gwada a kan mutum mai rai, magidanci mai tumbi daidai gwargwado, kuma har yau da ƙafafunsa yake tafiya, sai dai in zai tashi daga kujera yakan ɗan dafe ƙugu.

Mutumin nan, Injiniya ake ce masa a gidan surukansa. Ba karatun injiniya ya yi ba, aikinsa buga hatimi ne a wani ofis. Sunan ya samo asali ne ranar da talabijin ɗin surukinsa ta ƙi kamawa, ya zagaya bayanta ya tarar ba a jona ta da wuta ba. Ya jona a ɓoye, sannan ya daɗe yana ƙwanƙwasa ta yana girgiza kai. Tun daga ranar ko fitilar hannu ce ta mutu, sai ka ji an ce a ajiye wa Injiniya.

Surukin nasa, wanda kowa ke kira Baba, yana da wata tsohuwar mota doguwa mai ruwan toka, wadda yake gogewa da hannunsa kowace safiya. Da idonsa ya yi rauni aka hana shi tuƙi, sai ya ce zai bar ta ga ɗaya daga cikin mazan 'ya'yansa biyu, "wanda ya san ciwonta." Ɗaya Injiniya ne. Ɗayan kuwa mijin ƙanwar matarsa ne, Mai Turare, mutum mai fararen kaya da zaƙin baki, wanda ya riga ya mallaki mota amma ba ya ƙin ƙari. Saboda haka ranar da Baba ya ce Injiniya ya ja shi su je duba wani fili a bayan gari, Injiniya ya san jarrabawa ce. Uwargidansa ta shiga baya. Suna cikin tafiya, rana ta take, tayar baya ta ja dogon tsaki ta zauna.

Ga abin da ya yi, kai ma shi za ka yi.

Mataki na ɗaya: Fito da fara'a

Kada a ga tashin hankali a fuskarka. Zagaya motar a hankali, hannu a baya, ka ɗan shuri tayar da ta sace da ƙafa, ka shuri masu lafiyar ma don kada su ga an nuna bambanci. Sannan ka ce, "Ƙaramin abu ne." Wannan kalma kyauta ce, ba a biyan ko sisi a kanta.

Injiniya ya shimfiɗa wa Baba darduma a gindin wata bishiya. "Baba, a ɗan huta a inuwa. Kafin a sha ruwa an gama."

Uwargida ta leƙo ta taga. "Baban yara, ka taɓa canza taya kuwa?"

"Ke dai ki ba Baba ruwa."

Mataki na biyu: Samo mai laifi tun kafin ka taɓa komai

Ɗauko jak da sufana daga but, ka tsuguna, ka ƙura wa notin ido. Kafin ka gwada, yi tsaki ka ce, "Masu facin zamanin nan, sai su ɗaure noti kamar suna da gaba da shi." In ya kwance, ka fi ƙarfin mai faci. In ya ƙi, ka riga ka faɗa. Mai faci dai ba ya wurin, kuma wanda ba ya wuri shi ya fi kowa dacewa da laifi.

Sai dai ka fara binciken wanda ya ɗaure. Injiniya bai bincika ba. Daga gindin bishiya Baba ya ce, a hankali kamar yadda ya saba, yana hutawa tsakanin kalma da kalma, "Ni... na ɗaure su."

"Shi ya sa!" in ji Injiniya. "Ɗaurin manya. Yaran yanzu ina za su iya wannan?"

Mataki na uku: Ɗaga motar da wuri

Wasu za su ce maka a sassauta noti tun taya tana ƙasa, an ja birkin hannu. Rabu da su. Ɗaga ta sama tukuna, don duk murɗawar da ka yi tayar ta bi ka tana juyi kamar fanka. Wannan yana ba ka damar yin gumi ba tare da ka ɓata komai ba. In aka tambaya, ka ce kana duba lafiyar ƙafar ne. Bayan nan ka sauke ta a natse, kamar da ma haka tsarin yake.

Mataki na huɗu: Kada ka bar surukinka ya wahala da magana

Nan ne zuciyar darasin, ka buɗe kunne.

Injiniya ya sa sufana ya murɗa hagu, yadda ya taɓa gani ana yi. Notin ko gezau. Ya ƙara, jijiyar wuya ta miƙe, hula ta zame. Ko gezau. Sai ya ji Baba ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa ya ce, "Dama..."

"To Baba! To Baba!" Injiniya ya cafe tun kafin tsohon ya ja numfashi na biyu.

Ka lura da ladabin nan. Surukin kirki ba ya barin dattijo ya ɓata yawunsa, kalma ɗaya ta isa. A ransa Injiniya ya ɗan yi shakka, don iya saninsa dama ɗaurewa ce. Amma ya ce wa kansa motocin da can daban aka yi su, kuma mutumin da ya ɗaure ai shi ya san hanyar kwancewa. Balle ma, wa zai kalli uban matarsa ya ce masa ba haka ba, ana tsakiyar rabon mota?

Ya juya sufana dama. Notin ya ɗan motsa, ya yi ƙara ƙiiit.

"Allahu akbar! Kin gani? Baba ya san kayansa."

"Baban yara, ni kamar na ga..."

"Ke, Baba ya yi magana, ke ma sai kin yi?"

Uwargida ta koma ta jingina, ta ciro waya ta kira ƙanwarta. Ka riƙe wannan a ranka, zai dawo.

Mataki na biyar: Hau kansa

Idan hannu ya gaza, Allah bai ba ka tumbi a banza ba. Tattare riga ka cusa a wando, dafa motar, ka hau kan sufana da ƙafa biyu ka yi ta sukuwa. Injiniya ya bi notin ɗaya bayan ɗaya yana yi musu haka, kowanne ya yi ƙiiit sau ɗaya sannan ya ƙame ƙam. Duk sanda ya tsaya shan iska, Baba ya ɗaga yatsa.

"Dama..."

"Ana kai, Baba! Damar ake yi!"

Baba ya sauke yatsa ya kalli sama.

Mataki na shida: Karɓi shawarar kowa

Mota ba ta lalacewa a wurin da babu masana. Ko a tsakiyar daji ka tsaya, ka ba su ɗan lokaci, za su tsiro. Wani mai keke ya ce kananzir. Wani mai rake ya ce a'a, lemon kwalba ya fi cin tsatsa. Wani dogo da bai sauko daga babur ɗinsa ba ya ce a hura wuta a gasa notin, aka tuna masa tankin mai yana kusa, ya ce shi dai ya faɗi nasa. A ƙarshe wani direban tifa ya ba da baƙin mai a gwangwani da wani dogon bututun ƙarfe, ya ce a zura a bakin sufana.

Zuba duk abin da aka ba ka. In an dace, kai ka zuba. In ba a dace ba, jama'a ce ta ce. Injiniya ya zuba har ƙasan tayar ya zama tafki.

Direban ya tsaya yana kallo. "Malam, wai ina kake murɗawa haka?"

"Tsohuwar mota ce," in ji Injiniya, ya nuna gindin bishiya da haɓa. "Ga mai ita can."

Direban ya dubi furfurar Baba, ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Ka ga amfanin dattijo ke nan.

Mataki na bakwai: In kishiyar takara ya zo, raba masa aikin

Ƙamshi ne ya fara isowa, sannan motar Mai Turare. Ya fito fes cikin farar shadda, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, sannan ya juyo yana murmushi.

"Yaya Injiniya, sannu da fama. Ashe abin ya gagari ilimi? Da ka kira ni tun ɗazu ai."

"Ƙanina, wannan ba fesa turare ba ne. Ka matsa kada ka yi datti."

"Haba Yaya, motar Baba ce fa. Ko jinina ne sai in zuba."

Baba ya ɗaga yatsa. "Dama..."

"Dama, Baba! An gama!" Mai Turare ya riga Injiniya cafewa, har da ɗaga hannu. Wannan ya yi wa Injiniya ciwo fiye da bayansa.

Suka zura bututu. Babu wanda ya yarda ɗan'uwansa ya riƙe shi kaɗai, don kada a ce shi ya kwance. Suka rataya a jiki su biyu, ƙato da ƙato, suna nishi suna harbin iska, suna danna shi dama iya ƙarfinsu. Jama'a na ba da baki: "Saura kaɗan! Ku ƙara!" Sufana ta ga abin ya wuce hankali, ta zame. Injiniya ya zauna daɓas a kan tsakuwa. Mai Turare kuwa tafkin baƙin mai ne ya karɓe shi, shadda da hula da agogo.

Mataki na takwas: Rasa numfashi

Wannan matakin ba a koyar da shi, da kansa yake zuwa. Su biyun suna ƙasa, baki buɗe, babu mai sauran iskar da zai ce "To Baba." Karo na farko tun da tayar ta sace, wurin ya yi tsit. Baba ya ɗaga yatsa.

"Dama..." Ya huta. Ya duba hagu da dama, ya ga babu wanda ya tare shi. Har ya ɗan yi mamaki. "...hagu ake murɗawa."

Mai rake ne ya fara fashewa da dariya. Uwargida ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ashe tun ɗazu tsohon ba hanya yake nunawa ba, shimfiɗar zance yake yi, irin ta "da ma ina so in gaya maka." Su kuwa sun yi ta ɗaure masa noti da ladabi.

Mataki na tara: Mai da kuskure ilimi

A nan ake gane wanda sunansa ya dace da shi. Kada ka yi tsuru-tsuru. Wanda ya fara tashi shi ke da labari. Injiniya ya miƙe, ya kaɗe wando, ya ce da muryar buga hatimi, "Haka ne, Baba. Yanzu lokacin hagun ya yi. Ai tsatsa sai an fara matse ta ta farka, sannan a dawo da ita. Ƙanina ne dai ya zarce da ƙarfi."

Mai Turare ya buɗe baki, baƙin mai ya ɗiga daga gemunsa, ya rufe.

Injiniya ya zura bututu ya danna hagu yana karanto duk addu'ar da ya haddace. Ko man ne ya ratsa, ko notin ne suka gaji da wulaƙanci, Allah kaɗai ya sani. Na farko ya yi kuka ya saki. Sauran suka bi. Na ƙarshe ya fito har da guntun ƙarfen da yake ɗaure a jikinsa. In haka ta same ka, jefa shi aljihu ka yi tari.

Aka sake ɗaga motar da jak, taya ta fita. Jama'a suka tafa. Baba ya taso da sandarsa, ya dubi Injiniya sama da ƙasa.

"Makullin... da ke aljihunka... ka riƙe. Mota... taka ce."

Mataki na goma: Wanda ya kamata ya zama na ɗaya

Injiniya na cikin godiya, har ƙwalla ta taru, sai yatsan Baba ya sake tashi.

"Dama..."

Wannan karon Injiniya bai tare shi ba. Ya koyi darasi. Ya haɗa hannu ya jira, jama'a ma suka jira.

"...babu safaya. Bara... na ba wa maƙwabci... ya yi wa akuyarsa... wurin shan ruwa."

Sannan ya juya ga Mai Turare ya ce ya shimfiɗa leda a kujera ya mai da su gida, rana ta yi zafi. Uwargida ta bi mahaifinta, ta tsaya a gefen mijinta ta ce a hankali, "Barka, Baban yara. In ka iso ka ƙwanƙwasa da ƙarfi." Da motar za ta tashi, Baba ya sauke gilashi.

"Injiniya... gobe da safe... ka zo ka kai ni filin. Kai... ka san ciwonta."

Ƙamshin turare ya tafi. Direban tifa ya karɓi bututunsa. Aka bar Injiniya a bakin titi da motarsa ta kansa, mai ƙafa uku, da taya a hannu, da mai rake da ke tambayar na nawa za a yanka masa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk wani ciwon baya, yagewar wando, karyewar sufana ko lalacewar zumunci da zai biyo bayan aiki da shawarwarin nan. Wanda ya murɗa dama, shi ya ji dama. Wanda ya gaji mota ya wayi gari direban surukinsa, ya kai kukansa gida, kada ya zo ofis ya same ni. Masu cewa sun ga wata mota mai ruwan toka a ƙofar gidana an tokare ta da bulo, su sani motoci suna kama da juna. Sai dai in akwai mai safayar irinta, ko da ta sha ruwan akuya ce, ya yi mini magana. Wani bawan Allah nake tambayar wa.