Rasuwar Firintar Baba Nas, Wadda Ta Rayu a Kan Ƙarin Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko dai wadda ya kamata a ce ta cika da shi, iyalin tsohon ma'aikacin jinyar nan da unguwa ke kira Baba Nas suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar firintarsu. Ta cika da hantsin ranar Talata, a ɗakin gaba, a kan teburin da ta yi shekara da shekaru tana aiki, bayan doguwar jinya. Matarsa ta ja hankali cewa abin da ba shi da rai ba a ce ya rasu, lalacewa ya yi. An ji ta, an kuma bar kalmar yadda take, domin shi mai jinyar bai san wata ba.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a cikin kwali, a shekarar da Baba Nas ya ajiye aiki. Babban ɗansa ne ya kawo ta, ganin mahaifinsa ya fara tashi da asuba ya sa takalmin aiki, ya zauna a bakin gado ba shi da inda za shi. Ba don kansa ya bar asibiti ba. Hannunsa na dama ne ya fara rawa, shi kuwa mai neman jijiya a hannun jariri ba a yi masa uzuri. Ɗan ya ce, "Baba, ka riƙa buga wa mutane takardu, ko ba komai ka rage zaman banza." Uban ya gode, ya bar kwalin a ƙulle har sai da ƙura ta hau shi.

Da aka buɗe ta, sai ga ta baƙa, mai faɗin kafaɗa, ba ta da hayaniya. In an kunna ta takan yi gyaran murya, ƙir-ƙir-ƙir, ta yi miƙa hagu da dama, sannan ta ja takarda ta kama aiki: zuuu-kat, zuuu-kat. Aibinta ɗaya, ƙishirwa. 'Yan kurtun tawadar da kamfani ke sayarwa ba su kai kwalin ashana ba, kafin a ce kwabo sun bushe. Wata rana ta tsaya cak a tsakiyar hoton wata amarya, fuska ta fito, wuya bai fito ba. Baba Nas ya buɗe murfinta ya daɗe yana kallo, irin kallon da yakan yi wa wanda aka shigo da shi ranga-ranga. Ya ce wa matarsa, "Maman yara, wannan ai ƙarin ruwa take so."

Ta ce, "To, Allah ya ba ta lafiya," ta koma kan wankinta.

Ashe ba wasa yake ba. Ya zaro tsohon ƙarfen rataya ruwa daga bayan ƙofa, ya wanke kwalabe huɗu, ya zuba baƙi, shuɗi, ja da rawaya. Ya ja siraran robobin ƙarin ruwa daga kwalaben zuwa cikinta, ya liƙe da filasta. Da farko ya rataya su sama, tawada ta yi ambaliya, har yau tabon na nan a tabarma. Ya sauke su ƙasa, ta daina sha, sai ya daidaita su a tsakiya. Iska ta shiga roba, ya kore ta da ɗan yatsa, tas-tas, yadda yake yi a ɗakin marasa lafiya. A ƙarshe ya haɗa wani ɗan matoshi da murfin sirinji, wanda ke barin iska ta fita ba ta komo ba. Daga ranar marigayiyar ba ta ƙara jin ƙishirwa ba, shi ma daga ranar bai ƙara zama a bakin gado ba.

Wanda duk ya zauna da ita zai ba da shaidar alheri. Ba ta taɓa bambanta takardar babba da ta yaro ba. Ta buga katin suna, ta buga hoton fasfo na mutanen da suka tafi ba su dawo ba, ta buga cigiyar kyanwar matar tela har sau biyu. Ta buga aikin ɗalibai da kurakuransu, ba ta gyara ba, ba ta yi dariya ba. Ta buga sanarwar rasuwar abokan aikin Baba Nas ɗaya bayan ɗaya, da murya ɗaya, zuuu-kat, zuuu-kat, ba ta sassauta ba. Ta san sirrin unguwa kaf, amma ba a taɓa jin maganar wani a bakinta ba. In ta yi fushi, iyakarta ta tauna takarda ta riƙe, sai an lallashe ta.

Mutane kan shigo ba don bugu ba, don kallo. Wani maƙwabci, malamin makaranta, shi ya fara cewa, "Baba, wannan fa ƙirƙira ce. A duniya akwai ofishin da ake kai irin wannan, a rubuta sunan mutum, a ba shi takardar mallaka, ba mai kwaikwaya sai da izininsa." Baba Nas ya yi dariya ya ce shi da ya tsufa. Amma maganar ta zauna. Ya sayi fensir da abin ja layi. Da yake hannun dama ba ya tsayawa, sai ya danne shi da na hagu, ya zana kwalabe, ya zana robobi, ya zana matoshin nan daga gaba da daga gefe. Ya ba Auta, 'yarsa ta ƙarshe mai aiki a ofishin lauyoyi, ya ce ta binciko masa hanyar.

Auta ta yi ta ja masa rai. Yau aiki ya yi yawa, gobe mai ofishin ya yi tafiya. Ran da ta gaji da ƙarya, ta zo da rana tsaka, ta durƙusa ta gaishe shi, ta haɗa wayarta da firintar. Marigayiyar da bakinta ta fitar da shafukan. Zane ne mai tsabta, da lambobi da kibau: kwalabe huɗu, robobi huɗu, da wani ɗan matoshi. Wani mutum a wata ƙasa mai nisa ya yi rajistar abin tun Auta ba ta shiga makaranta ba.

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba wai naka ba shi da kyau ba ne. Wanda ya riga ka barci ne kawai."

Ya sa tabarau ya bi zanen da yatsa har ya kai kan matoshin. Ya ce, "Ashe shi ma iska ta dame shi." Ya jera shafukan, ya buga musu ƙusa, ya sa a aljihun tebur. Auta ta zauna tana jiran faɗa ko hawaye. Sai ya tambaye ta ko ta ci abinci.

Ciwon ajalin ya faro a hankali. Ja ne ya fara ɗaukewa, fuskokin mutane suka riƙa fitowa kore-kore, har wani ango ya rantse ba shi ba ne. Sannan layuka suka bayyana a baƙi, kamar haƙarƙarin mai rama. Muryarta ta canza, zuuu ɗin ya yi tsawo, kat ɗin ya koma tari. Aka kira mai gyara, mutum mai kirki da ladabi. Ya kwance ta, ya haska, ya busa, ya ce kan da ke fesa tawadar ne ya toshe, ya kuma cinye.

Baba Nas ya ce, "To a sa wani."

"Baba, ai nan gizo ke saƙa. Kan nan mallakar masu ƙera ta ne, da takardarsu, ba a yarda kowa ya ƙera irinsa ba. Su kuma sun daina yin na wannan samfurin."

"Su ba su yi ba, ba su bar wani ya yi ba?"

"Haka abin yake, Baba."

Ya ce, "To." Ya raka mai gyara har bakin ƙofa, ya ce ya gaida gida.

Saura dabara ɗaya, a tura ruwan wanki ta cikin kan da sirinji, a hankali, ɗigo-ɗigo. Aikin hannu ne, hannun kuwa ya san halinsa. Da safiyar Talata ya kira matarsa ta riƙe masa wuyan hannu. Ta riƙe da hannu biyu, ta cije leɓe. Ruwan ya fara shiga. Sai hannun ya yi abin da ya saba, ya zabura, sirinjin ya zame, ruwa ya gangara inda ba a son ruwa. Suka jira ya bushe, suka kunna. Ta yi ƙir, sau ɗaya, ba ta ƙarasa ba. Wani ɗan ƙauri ya tashi, fitilarta ta mutu.

Matar ta ce, "Malam, ni ce ban riƙe da kyau ba."

Ya ce, "Kin riƙe."

Ya bi robobin ɗaya bayan ɗaya ya matse makullinsu. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, domin haka aka koya musu a asibiti in mara lafiya ya cika, sai ya tuna ba wanda zai tambaye shi lokaci. Ya zare waya daga soket, ya naɗe, ya lulluɓe ta da farin ƙyalle. Ya zauna yana jiran baƙin cikin ya iso. Bai iso ba. Aka kawo abinci ya ci, ya wanke hannu, tawadar da ke ƙarƙashin farcensa ba ta fita ba. Wata mata ta leƙo da hoton da take so a buga, ya ce mata babu, da muryar da yakan ce wa dangin mara lafiya su jira a waje. Har zuwa rubuta wannan sanarwa bai yi kuka ba, bai yi ƙorafi ba. Kullum da safe yakan yi wanka, ya shiga ɗakin gaba, ya zauna a kujerarsa yana fuskantar ƙyallen. In an tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi.

Marigayiyar ta rasu ta bar tsohuwar kwamfuta, abokiyar zamanta, wadda har yanzu in an kunna ta sai ta yi cigiyarta. Ta bar kwalabe huɗu a rataye, ta rawaya har yanzu cike take. Ta bar rabin ƙunshin farar takarda, marayu, da almakashi, da abin buga wa takarda ƙusa mai ciwon muƙamuƙi. Ta bar ɗalibai da za su riƙa hawa mota zuwa wani wuri, da babban ɗa da ya bugo waya ya ce zai aiko da sabuwa, uban ya ce ya bari tukuna. Ta kuma bar Baba Nas.

Ba za a yi wanka ba, ruwa ya riga ya yi nasa. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da amalankensa ranar Asabar da safe, kuma an roƙe shi kada ya jefa ta, ya ɗora ta a hankali, kada ya kwance ta a ƙofar gida. Za a fitar da ita ta ƙofar gaba. Mai gyara da malamin makaranta za su kama.

Zaman makoki a ɗakin gaba ne. Iyali na roƙon masu zuwa kada su ce ai na'ura ce kawai, an sani. Kada su ce a sayi wata, an faɗa. Matarsa ta ce a ƙara da cewa an fi son baƙi tsakanin hantsi da azahar, domin lokacin ne ya fi tsawo a gidan. Kuma duk wanda ke da wani abu mara lafiya a gida, ko fanka mai tari, ko rediyon da ya daina magana, ko dutsen guga mai zazzaɓi, don Allah kada ya zo hannu rabbana. Ya zo da shi, ya ajiye a kan tebur, ya ce ya rasa yadda zai yi.