Yadda Ake Gyara VPN a Kan Waifai na Kyauta a Gaban Suruki

Ɗan'uwa, idan ka bi matakan nan bakwai ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawarin za ka gyara duk VPN ɗin da ya ƙi haɗuwa a kan waifai na kyauta, ko kuma aƙalla a ɗauka kai ka gyara. Ni Maitama na gwada su da kaina a Malumfashi ranar wata Talata, a kan kwamfutar yayan matata, Yaya Awaisu, kuma har yau muna gaisawa.

Yaya Awaisu malamin gona ne a wata ƙungiyar manoma mai ofis a Funtuwa. A ranar yana ɗauke da sunayen manoma ɗari biyu da sha ɗaya da za a ba irin waken suya, kuma dole su isa ofis kafin ƙarfe biyu na rana, in ba haka ba a rufe rajista, kowa ya shuka abin da ya samu. Sunayen ba sa shiga sai ta VPN, wato wata hanyar sirri da ke haɗa kwamfutarsa da ta ofis. Intanet ɗin wayarsa ya ɗauke, sai ya fake a gidan abincin Hajiya Hansai da ke bakin tasha, inda ake ba da waifai kyauta. VPN ya ce bai san zancen ba. Matata kuwa ta ce masa, "Yaya, kira Maitama mana, ai shi ya saita mana talabijin."

Mataki na 1: Kada ka tambayi mene ne VPN

Wanda ya yi tambaya ya fallasa kansa. Ka iso a natse, ka gaida surukinka da ladabi, ka ja kujera, ka dubi kwamfutar kamar likitan da ya ga ciwon da ya saba gani. Sannan ka ce, "Hmm." Na ce hmm sau uku. A na ukun Yaya Awaisu ya ce, "Subhanallahi, abin ya yi tsanani ne?"

Na ce, "Yaya, da ka ƙara minti goma ba ka kira ni ba, da wani zancen ake yi."

Mataki na 2: Ka kashe, ka kunna

Wannan shi ne rabin ilimin zamani, sauran rabin kuma ka sake kashewa. Kwamfutar Yaya Awaisu tsohuwa ce, tana ɗaukar minti tara kafin ta farka. Kada ka ɓata lokacin nan a banza. Ka sa a kawo maka shinkafa da wake, domin gwani ba ya aiki da yunwa, kuma ba shi ke biya ba.

Mataki na 3: Ka ɗora laifin a kan wurin zama

Idan ta farka kuma VPN yana nan yana juyi kamar akuyar da aka ɗaure a turke, ka ce teburin ne. Mun koma kusa da taga. Mun koma ƙarƙashin akwatin waifai. Daga bisani na sa Yaya Awaisu, dattijo mai furfura da 'ya'ya bakwai, ya hau benci ya ɗaga kwamfutar sama da kansa. Na yi masa bayanin cewa waifai kamar hayaƙi yake, sama yake taruwa. Wani direba da ke cin tuwo ya ce shi ma ya taɓa jin haka. Kullum za ka samu mutum ɗaya da ya taɓa jin haka.

Ƙarfe ɗaya ta wuce da kwata.

Mataki na 4: In VPN ɗaya ya ƙi, ka ƙara masa wani

Na tuna a wayata akwai wani VPN na kyauta da wani ya sa mini don kallon ƙwallo, kuma ina da ɗan burbushin sabis. Na kunna shi, ya ce in zaɓi ƙasa. Na zaɓi Finland saboda tutarsu ta fi tsabta. Na karɓi sunan shiga da kalmar sirrin Yaya Awaisu, na gwada shafin ofis ta wayata sau biyar.

A na shida wayarsa ta yi ƙara. Madam Angela ce, mai kula da kwamfutocin ofishinsu.

"Malam Awaisu, me kake yi a Finland?"

"Ina ne Finland?"

"Inda kake. Na'ura ta nuna wani yana ƙoƙarin shiga da sunanka daga can, mun rufe asusunka."

Yaya Awaisu ya dube ni. A irin wannan lokaci ka dubi silin, ka girgiza kai, ka ce, "Turawan nan ba su da tsoron Allah."

Mataki na 5: Ka taimaka wa surukinka ya dawo gida

Madam Angela ta ce ba za ta buɗe ba sai ta tabbatar da inda yake, don ta ji ana kwaikwayon murya yanzu. Yaya Awaisu ya rantse. Ta ce ɓarayi ma suna rantsuwa. Sai ya fita da gudu, ya kara wayar a bakin wani ɗan kamasho da ke ihu, "Funtuwa! Funtuwa! Saura mutum ɗaya!"

Ta ce, "Wannan motar tun safe saura mutum ɗaya. Na yarda, Malumfashi kake." Ta buɗe.

Saura minti goma sha huɗu. Ya dawo ya zauna. A hankali ya ce, "Maitama, mutanen nan gida-gida na bi su. Na ce musu su bar mini komai. Da wane ido zan koma?" Ba ni da mataki na wannan, sai na sake cewa hmm.

Mataki na 6: Ka bar mai abinci ta yi magana, amma kada ka nuna kana ji

Hajiya Hansai ta zo kwashe kwanuka, ta leƙa allon, ta ce, "Malam, kun danna 'Na amince' kuwa?"

"Na amince da me, Hajiya?"

"Ku kashe makullin nan naku na VPN tukuna. Ku buɗe inda ake shiga intanet, hotona zai fito da farantin tuwo, ku danna 'Na amince' a ƙasa. Sai waifai ya sake ku, sannan ku kunna makullin. Ma'aikatan asibiti kullum haka suke yi."

Muka kashe VPN. Ga Hajiya a allo tana murmushi da farantin tuwo. Muka amince. Muka kunna VPN, ya koma kore kafin ta ɗaga kwano na biyu. Sunaye ɗari biyu da sha ɗaya suka tafi saura minti shida. Yaya Awaisu ya kifa goshi a kan tebur yana hamdala.

Mataki na 7: Ka karɓi yabo da tawali'u

Da zarar mai abinci ta juya baya, ka ce, "Dama nan nake son mu iso, sai dai dole a bi ƙa'ida." Yaya Awaisu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah ya saka da alheri." Da yamma ya shaida wa mahaifinsu cewa irin basirata ba a barin ta a banza. Yanzu Baba ya aiko in je ranar Asabar in duba injin ban-ruwansa da ya tsaya, kuma ya gayyaci maƙwabta su ga yadda ake yi. Har yanzu ban gane ko yabo ne ko hukunci ba.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. In an rufe maka asusu, ko surukinka ya daina amsa sallamarka, ko matarka ta fara kiranka Injiniya tana dariya, marubucin bai san ka ba, bai taɓa ganinka ba. Masu ƙorafi kada su neme shi ranar Asabar, domin yana da ta'aziyya a Matazu, kuma har yanzu yana kan binciken ko wane ne ya rasu.