Aljanar Kwarin Kanwa da Moton Kawuna

Ba zan taɓa mantawa da azahar ɗin da batir ya mutu mini a kwarin kanwa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran labarai. Zamanin Nasara ne, kafin yaƙin Jamus na biyu, ina saurayi ina tsaron shagon kawuna a kasuwar Gure. Kawun nan nawa, Badamagare mai son abin mamaki, ya sayi wata tsohuwar moto (abin da mutanen Kano ke kira babur) a hannun wani Bature da zai koma gida. Da ya hau sau ɗaya ta kayar da shi, sai ya rantse ba zai ƙara ba. Ni kuwa na samu abin yi.

Wani tsohon soja, Sarjan Abari, shi ya koya mini tuƙa ta a filin bayan kasuwa. Na faɗi a ƙaya, na faɗi a kan jakin mutane, har dai na iya tafiya ba tare da na rufe ido ba. Kullum gargaɗinsa ɗaya ne: "Yaro, batir ɗin nan tsoho ne, ya fi ni gajiya. Kar ka kunna fitila in ba dole ba. In ya mutu, ka sa bitas na biyu, wato giya ta biyu, ka riƙe kuloci, ka samu mai tura ka, in ta ɗauki gudu ka saki hannu." Na ce to, alhali hankalina yana wani waje.

Wajen kuwa wani ƙauye ne a hanyar Gidigir, inda Falmata, yarinyar da nake nema da aure, take. An riga an kai gaisuwa, saura a sa rana, mahaifinta Malam Bukar ya aiko in je. Sai na ga ai ba girmana ba ne in je a kan doki kamar kowa. Na sa hula sabuwa, na hau moto, na kunna fitila da rana tsaka (ranar Gure fa, wadda ko makaho ya san ta fito), ina ta matsa oda a kowane ƙauye don kada wani ya rasa ganina.

Dab da ƙauyensu akwai wani kwari mai goruba, ƙasarsa fara fat saboda kanwa. Tun muna yara ake ce mana ba a ratsa irin wurin nan in rana ta take tsaka, don lokacin masu wurin ne. In kuwa dole ta sa, to ko me ka ji a bayanka kar ka waiwaya. Ina shiga tsakiyarsa moto ta yi tari, ta yi shiru. Na taka, na taka, ko uffan. Na duba fitila, ta yi ja kamar garwashin da ya kwana.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ba tsuntsu, ba iska, ganyen goruba ma ya tsaya cak. Na zauna a kan moto, na sa bitas na biyu, ina ja da ƙafafuna kamar agwagwa, gumi na shiga mini ido. Ko taku goma ban yi ba sai na ji moto ta yi sauƙi. Na ɗaga ƙafafuna, ta ci gaba da tafiya.

Ana tura ni.

Na ji numfashi a bayana, a hankali, da ƙarar warwaro, kacau, kacau. Na yi sallama da murya kamar ta ɗan akuya, ba a amsa ba. Na saci kallo ta ƙasan hammatata, sai ga yatsu farare sol a gefen sirdi. Nan take na tuna abin da tsofaffi ke faɗi, cewa aljana in ta ga saurayi ta so shi, ba ta barinsa ya yi aure. Duk addu'ar da na haddace ta gudu ta bar ni, bakina kuwa ya ƙi rufuwa.

"Baiwar Allah, ki yi mini rai! In auren nan ne ba kya so, na fasa! Wallahi na fasa!"

Turawar ma ƙara ƙarfi ta yi. Sai na ƙara da abin da har yau nake jin nauyinsa a ƙirjina: "In jini kike so, ga Falmata can a ƙauye, ta fi ni jiki. Ki ɗauke ta ki bar ni!"

Aka ingiza ni da wani irin ƙarfi, hannuna ya saki da kansa, moto ta yi gurnani ta tashi. Hulata ta faɗi, ban tsaya ba.

Na isa ƙofar Malam Bukar kai ba hula, leɓe a bushe. Shi da 'yan'uwansa suna zaune a inuwa. Aka ba ni ruwa, na fara ba da labari, kuma da na ga sun yi tsit sai na ƙara gishiri: aljana ce doguwa, na tsaya na yi mata tofi har ta ja da baya. Wani dattijo har yana cewa, "Kai, yaron nan namiji ne."

Ina cikin haka sai na ji kacau, kacau. Na waiwaya. Wata mata ta zagayo da ƙwarya a ka, hannuwanta fari fat da kanwa har gwiwa, tana riƙe da hulata. Mahaifiyar Falmata ce. Daga ɗibar kanwa take, ta gan ni ina fama, ta taimaka. Ba ta amsa sallamata ba saboda kunya: a wajenmu uwa ba ta magana da mai neman 'yarta ta fari, ko ido ba sa haɗawa.

Ta durƙusa, ta ajiye hular a gaban mijinta, fuskarta a gefe. "Malam, a ba baƙo hularsa. A kuma tambaye shi, ya fasa ne ko bai fasa ba? Don a kwari ya rantse ya fasa."

Na so ƙasa ta tsage. Malam Bukar ya dube ni ya ce, "To, ɗana, muna jin ka." Na ce ban fasa ba, da muryar da ni kaina da kyar na ji ta. Dariyar da aka yi har awaki suka watse. Ni dai ina zaune ina jiran ta faɗi ragowar, wadda za ta kashe auren nan take. Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige gida.

An sa rana, an ɗaura aure, mun haifi 'ya'ya, har Allah ya karɓi ran baiwar Allah nan ba ta faɗa wa kowa magana ta biyun ba, ko 'yarta. Duk shekarun nan kuwa ban taɓa gaishe ta ba sai gwiwa biyu a ƙasa, mutane suna yaba ladabina.

Shawarata ga masu koyon moto ita ce, in ta mutu muku a daji kuka ji ana tura ku, ku waiwaya tukuna kafin ku fara rabon abin da ba naku ba.