Rasuwar Hedifon Mai Igiya Taku Uku

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta, ya kuma gajiyar da ita, ni Tsvetan Karaivanov na hawa na huɗu nake sanar da maƙwabta da duk mai shiga ta wannan ƙofa rasuwar hedifon ɗina, ƙirar Jamus ta Gabas. Ya cika ranar Talata da hantsi a nan garin Ruse, yana da shekara talatin da shida. Wanda ya ji haushin ganin wannan takardar rasuwa manne kusa da ta marigayi Mincho direba, ya haɗiye haushinsa. Mincho bai taɓa sauraron kowa ba a rayuwarsa, kuma an ba shi wuri.

Marigayi ya shigo hannuna shekarar da na fito daga soja. Yana da nauyi, yana matse kai har kunne ya yi zafi, ban kuma taɓa yi masa ƙorafi ba. Ban yi karatu mai zurfi ba. Ina ɗan shekara goma sha biyar aka miƙa mini guduma a wurin gyaran ƙafafun jirgin ƙasa. Duk abin da na sani game da kiɗa daga bakinsa na ji shi, ina zaune a kujera ɗaya gaban injin faifai.

Mai gaskiya ne. Ba ya ɓuya. Duk wanda ya hango shi a kanka ya san ba ka jinsa, sai ya taɓa kafaɗarka. Igiyarsa taku uku ce, daga injin zuwa kujera, iyakarta taga, bai taɓa kai ni titi ba. Ba shi da rowa kuma, kiɗa na zubowa ta gefensa. Matata, marigayiya Nevyana, tana kicin ta san abin da nake ji, sai ta leƙo ta ce, “Ka sake sa matan nan masu kuka? Rage musu murya, miyata ta kusa tsinkewa don tausayi.”

Har yanzu ina tuna muryarsa: shiiii kafin waƙa ta fara, sai ƙas, ƙas a inda faifan ya karce. Lokacin da ’yata Ralitsa take shekara biyar, nakan juya masa kunne ɗaya waje, ta manna nata a jiki, mu ji tare. Rabin waƙa kowa ke samu, yana kuma isar mu.

Ya bar zuri’a mai yawa, babu wanda ya gaji halinsa. ’Ya’yansa su ne masu siririn ƙarfe da soso, abokan ƙaramin kaset na aljihu, waɗanda suka fara koya wa kiɗa yawon titi. Jikokinsa fararen zaruruwan nan ne masu ƙullewa a aljihu. Tattaɓa-kunnensa kuwa su ne na yanzu, marasa igiya, girman ƙwayar wake, masu shigewa ƙarƙashin gashi. An ce har hayaniyar duniya suke toshewa. Hayaniyar duniya, in ba ku sani ba, ta haɗa da ubanku. Mutum yana kallonka, yana gyaɗa kai, alhali yana wata ƙasa. Ni munafunci nake kiran wannan, duk tsadarsa.

Ciwon ajali ya fara bara da kaka, ɓangaren hagu ya yi rauni. Na canza igiya. Na liƙe da dalma sau uku. A watan jiya ɓangaren ya yi shiru gaba ɗaya. Ranar Talata na naɗe shi cikin tawul na kai wa Kosyo mai gyaran rediyo a bayan kasuwa. Ya sa shi, ya lumshe ido, sannan ya juya shi ya ɗora mini na dama a kunnen hagu, ya tambaye ni me na ji. Na ce shi ma wannan ya mutu.

“Maƙwabci,” in ji Kosyo, “wannan abin zai binne ni, ya binne ka. Lafiyarsa ƙalau. Shekara arba’in kana dukan ƙarfe, ka zo kana tuhumar Bajamushe? Je ka ga likita.”

Na tuna masa cewa aikinsa gyaran rediyo ne. Amma na je. Likitar ta ce kunnena na hagu ya tafi ba zai dawo ba, na dama yana biye da shi a hankali, shekara biyu ko uku. Ta hana ni ɗora duk wani abu mai ƙara a kai. Saboda haka kada wani ya tare ni a matakala ya ce marigayi bai mutu ba. Abin da ba zan ƙara ji ba, a wurina ya mutu.

Ranar Alhamis Ralitsa ta zo taya ni gasa tattasan da muke ajiyewa don hunturu. Tana baranda tana ɓare bawo, ta ba ni baya. Na tsaya a bakin ƙofa na gaya mata komai, har da cewa ina jin tsoro, kalmar da ko uwarta ba ta taɓa ji daga bakina ba. Tana ta gyaɗa kai. Na ji sanyi a raina. Can ta juyo, ta ɗaga gashinta, ta zare ƙwaya ɗaya daga kunnenta.

“Baba, magana kake? Gishiri ne? Yana saman firji.”

Na ce e, gishiri ne.

Ba laifinta ba ne ita kaɗai. Na yi shekaru ina yi mata wa’azi a kan abin da take cusawa a kunne, har ta gane cewa maganata ba ta wuce faɗa da neman gishiri. Ba zan iya maimaita abin da na faɗa a baranda ba, sau ɗaya yake fita daga bakin irina. Amma na san tun tana ƙarama ba ta wuce takardar rasuwa a ƙofar nan sai ta tsaya ta karanta har ƙarshe. Uwarta ce ta koya mata.

Za a yi jana’iza ranar Lahadi da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a ɗakina. Za a naɗe igiyar yadda ta saba, a kwantar da shi cikin kwalin takalmi, a ɗora saman kabad kusa da hoton Nevyana. Akwai dafaffiyar alkama da zuma, akwai kofi. Ba a buƙatar furanni. Za ku tarar da kwano a bakin ƙofa, kowa ya zuba abin da ke kunnensa kafin ya shigo. An gayyaci Kosyo, an kuma roƙe shi ya kama bakinsa.

Kafin a rufe kwalin za a sa faifai ɗaya, ko likita ta so ko ta ƙi. Kunnensa na hagu ba shi da sauran amfani a wurina, za a juya shi waje, kujerar da ke wannan gefen kuma ta Ralitsa ce, kada kowa ya zauna a kai. In waƙar ta ƙare, ta zagayo ta damana. Nan ne har yanzu nake ji.