Ranar da na shayar da motar Kawu man gara

Ba zan taɓa mantawa da kai garar ƙanwata Zuwaira ba, ko da zan so in manta mutanen gidanmu ba za su bar ni ba. Daga Tanut za mu kai kayan gidan mijinta a Belbeji, Kawu Issufu ya ara mini motarsa. Motar nan Kawu ko jikokinsa ba ya bari su jingina da ita. Da zai miƙo makulli sai da ya ce, "Amana ce, yadda ka ɗauka haka za ka maido."

Mata suka cika baya da buhunan gero, taliya, da bido, wato jarka, cike da man gyaɗa. Ni kuma na sayi esansi, wato fetur, a wani bidon don hanya. (Duk Damargu bidonmu iri ɗaya ne, rawaya, da shi ake ɗebo ruwa, da shi ake zuba komai.) A tsakiyar hanya na tsaya ƙara mai. Mura ta toshe mini hanci, waya na maƙale a kunne ina yi wa abokin ango cika baki, na jawo bido na tuttula ba tare da na duba ba.

Ba mu yi nisa ba mota ta fara tari, tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Wata fitila rawaya mai hoton inji ta kama a gabana. Gwaggo Hajara, wadda ita ce shugabar tafiyar, ta ce, "Kai, lafiya? Wannan wutar fa?"

Na ce, "Gwaggo, ba ku san mota ba. Aikin masu sayar da mai a kwalba ne, ba su da tsoron Allah." Haka na yi ta zagin bayin Allah, alhali ina ta tunanin fuskar Kawu. Ta ce ita dai ƙamshin tuyar ƙuli take ji. Na ce yunwa ce.

Da ƙyar muka shiga Belbeji, hayaƙi na bin mu. Dangin ango suka taru ana buɗe gara ɗaya bayan ɗaya, ana guɗa. Uwar ango ta kwance murfin bido don ta yaba man, sai ta ja da baya tana toshe hanci.

"Hajara, ku a Tanut da esansi kuke miya?"

Gwaggo ta juyo a hankali ta dube ni. "To, masanin mota, ina man ƴata?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Mata suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki, ango kansa ya kasa gaishe ni.

Makanise ya zo ya zuƙe tanki, ya wanke, ya sauya buji, wato filogi. Da ya tayar, fitilar ta mutu, inji ya koma sumul. Ya ce ba abin da ya lalace. Na zauna a ƙasa na yi hamdala. Kawu da ya ji labari bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, wai motar ta ƙoshi?

Na roƙi Allah gafarar masu kwalba da na zaga. Yanzu kuwa ko ruwan alwala zan zuba daga bido, sai na kira wata mace ta shinshina mini tukuna.